Gunslinger Girl: katun ne, amma ba na yara ba

Masu shagunan tura finafinai a Maradi, na bakin Babbar Kasuwa da na cikin unguwanni, yawanci da hoton bango suke raba kaya. In hoton zane ne, sai a jefa shi rumbun katun, inda yara ke zaɓa in an aiko su da wayar yayyensu. Gunslinger Girl na cikin waɗanda wannan rabo ke cuta. Abin da ake gani a bango ƴan mata ne ƙanana cikin sutura mai tsafta, ɗaya riƙe da akwatin gogen Turawa. A cikin akwatin nan bindiga ce ƙirar FN P90. Wanda ya karɓa wa ƙannensa ya ɗauko musu abin da ya fi ƙarfinsu, wanda kuma ya karɓa yana jiran harbe-harbe tun daga farko har ƙarshe zai gaji kafin kashi na uku. Labari ne na manya, mai tafiya a hankali, kan yadda hukuma ke tsintar yaran da ba su da gata ta mai da su makami, kuma mutanen da ke yin wannan aiki ba su da kamannin mugaye. Ga mai haƙurin kallo, yana cikin mafi kyawun abin da Japan ta fitar a wannan fanni.

Asalinsa littafin zane ne na Yu Aida, wanda ya riƙa fitowa a mujallar Dengeki Daioh daga 2002 zuwa 2012, ya cika babi 100 a littattafai 15. Kamfanin Madhouse ya yi zango na farko na katun ɗin, kashi 13, daga Oktoba 2003 zuwa Fabrairu 2004, Morio Asaka ne ya ba da umarni. Zango na biyu, mai suna Il Teatrino, ya fito a 2008 daga wani kamfani daban, Artland, shi ma kashi 13, sai ƙarin kashi biyu da aka fitar a faifai. Jimla kashi 28 ke nan, kowane kimanin minti 24, wato awa goma sha ɗaya da ɗan abu.

A ƙasar Italiya aka kafa labarin. Akwai wata ma'aikata a kusa da Roma da ake kira Hukumar Jin Daɗin Jama'a, wadda a idon duniya take taimakon yara masu naƙasa da waɗanda suka ji munanan raunuka. A ɓoye, Sashe na Biyu na hukumar yana zaɓar ƴan matan da likita ya yanke ƙauna a kansu, a sa musu tsokar roba da ƙashi na ƙira, a shafe musu tunanin baya da magani, a cusa musu biyayya ga mutum ɗaya. Kowace yarinya ana haɗa ta da namiji babba, tsohon soja ko ɗan sanda ko ma'aikacin leƙen asiri, wanda zai raɗa mata sabon suna, ya horar da ita, ya kai ta aiki. Su biyun ana kiransu fratello, wato ɗan'uwa da Italiyanci, kuma in sun fita gari suna wucewa a matsayin wa da ƙanwa. Harsashi ba ya kashe su da sauƙi. Wurin da jikinsu ba shi da ƙarfi shi ne ido. Tsadar abin kuwa ita ce maganin da ke wanke musu ƙwaƙwalwa: yana cin tunaninsu sannu a hankali, yana kuma rage musu kwana. Duk lokacin da aka gyara wa yarinya rauni, sai an ƙara mata shi. Masu riƙonsu duk sun san haka tun ranar da suka sa hannu.

Kashi na uku shi ne ma'aunin da za ka gwada ko labarin zai karɓe ka. Rico, ɗaya daga cikin ƴan matan, an haife ta ba ta iya motsa gaɓoɓinta, ta yi ƙuruciyarta kwance a gadon asibiti tana jin iyayenta na faɗa a kanta, har suka sa hannu suka miƙa ta. Yanzu kowace safiya abin da take fara yi shi ne ta duba ko jikinta na motsi, in ya motsa ta yi murna. Wanki ma daɗi yake mata. Mai riƙonta, Jean, ya ɗauke ta kayan aiki, yana marinta in ta yi kuskure, kuma ya gaya mata duk wanda ya gan ta a bakin aiki ta kashe shi. A bayan wani otal da aka tura ta leƙe ta haɗu da Emilio, yaro ɗan dako mai ɗaukar jakunkunan baƙi, ya yi mata hira irin wadda ba a taɓa yi mata ba. Ranar aikin, ta fito daga ɗakin da ta yi kisa sanye da kayan ma'aikatan otal, sai ga shi a baranda. Ta tsaya tana laluben kalmar da ake faɗa a irin wannan lokaci, ta tuna, ta ce masa ya yi haƙuri, da murmushi a fuskarta. Washegari ta farka ta duba hannuwanta, suna motsi, ta ji daɗi. Babu kiɗan tashin hankali, babu wanda ya fito ya yi wa mai kallo bayanin cewa an yi ɓarna. An bar ka da ita haka nan.

Wanda ya fi tsaya mana a rai duk da haka shi ne Jose, ƙanen Jean, mai riƙon Henrietta. Ita an kashe iyalinta kaf a dare ɗaya, aka bar ta da raunukan da ba a so a bayyana. Jose mutumin kirki ne ta kowace fuska da ido ke gani. Yana saya mata kyamara da turare, yana hawa da ita saman bene su duba taurari da madubin hangen nesa, ya ƙi yarda a ƙara mata maganin fiye da ƙima. Ita kuwa ba ta da abin da za ta saka masa da shi sai gawa, har ƙirga waɗanda ta kashe take yi don ta san ko ta kyauta masa. A gidan abinci, ma'aikaci ya ɗauki wuƙar tebur kusa da Jose, kafin a ankara ta kai shi ƙasa. Abin da labarin ke tambaya, ba tare da ya furta ba, shi ne ko kirkin Jose sauƙi ne gare ta ko ƙarin ɗauri. Jean aƙalla bai yaudari kansa ba. Jose yana ganin ƙanwarsa Enrica da aka kashe a fuskar Henrietta, kuma gobe da safe shi ne zai miƙa mata akwatin gogen. A ganinmu marubucin bai wanke shi ba, kuma daidai ya yi.

Sauran ƴan matan kowace da kashinta. Triela, babbarsu, mai harba tsohuwar bindigar Winchester ta 1897, an ceto ta daga hannun masu fataucin yara a Amsatadam. Mai riƙonta Hilshire bai san yadda ake magana da yarinya ba, sai ya riƙa kawo mata ƴar tsanar beyar duk lokacin kyauta. Claes ta rasa mai riƙonta Raballo, aka shafe mata shi daga ƙwaƙwalwa, aka mai da ita abin gwajin likitoci, amma ta ci gaba da karatun littattafansa da noman ɗan lambu ba ta san daga ina ta gaje su ba. Angelica ita ce ta farko da aka yi wa aikin, mahaifinta ne ya buge ta da mota don kuɗin inshora. Mai riƙonta Marco ya ƙirƙira mata tatsuniyar yariman ƙasar taliya yana ba ta kullum a bakin gado, har ranar da maganin ya cinye tatsuniyar daga kanta, shi kuma zuciyarsa ta bushe. Kashi na 9 zuwa na 11, labarin Elsa da mai riƙonta Lauro, su ne mafi nauyi a zangon, kuma akwai batun kashe kai a ciki. Wanda wannan ke taɓawa ya sani tun yanzu.

Mutumin Nijar ba ya kallon wannan a matsayin tatsuniyar nesa. Mun ji yadda aka riƙa ɗaura wa ƴan mata bam a yankin Tafkin Cadi, mun kuma san shekarun wasu daga cikin masu riƙe bindiga a dazukan iyaka. Bambancin a nan shi ne gwamnati ce ke yi, da likitoci, da kasafin kuɗi, da takardar izini. Shi ya sa ya fi dacewa da ɗaliban jami'a da malamai da duk mai son abin da za a zauna a yi muhawara a kansa bayan an kashe allo.

Aikin Madhouse a zango na farko ya cancanci yabo ba kaɗan ba. Launukan a dushe suke, ruwan ƙasa da toka-toka, fuskokin ba su da manyan idanun nan masu ƙyalli da aka saba gani. Ana barin shiru ya yi tsawo. An zana bindigogi da kulawa, Dragunov ta Rico da Steyr AUG ta Angelica duk ana gane su, kuma ƙarar kowace daban. Tituna da dandalin Roma da Falorans da Napoli an ɗauko su daga wuraren gaske. Kiɗan Toshihiko Sahashi ne, mai goge da piyano, waƙar buɗewa kuma ta wata ƙungiyar Sikotlan ce, The Delgados. Aibinsa ɗaya: kashi na biyu yana maimaita wani yanki na na farko ta wata fuskar, har wasu kan ɗauka mai shago ne ya tura musu abu ɗaya sau biyu. Ba kuskuren turawa ba ne, a ci gaba da kallo.

Abokan gabar hukumar a labarin ƴan awaren arewacin Italiya ne da ake kira Padania, kuma ba daga iska marubucin ya ɗauko su ba. Arewacin ƙasar ya fi kudu arziki nesa ba kusa ba, kuma a 1996 Umberto Bossi na jam'iyyar Lega Nord ya yi shelar ƙasar Padania, ko da yake ba ta tabbata ba. Italiya ta sha shekarun ta'addanci na cikin gida: an sace tsohon firaminista Aldo Moro aka kashe shi a 1978, bam ya hallaka mutum 85 a tashar jirgin ƙasa ta Bolonya a 1980. Bam ɗin da ya kashe mahaifin Jean da Jose, mai gabatar da ƙara, tare da mahaifiyarsu da ƙanwarsu a kan hanya, yana tuna wa mai kallo kisan alƙali Giovanni Falcone a Sisili a 1992. Gadar mashigin Messina da ƴan ta'addan ke son rusawa a zango na biyu, aiki ne da aka daɗe ana gardama a kansa a zahiri. Sanin wannan ɗan tarihin yana sauƙaƙa bin zango na biyu ƙwarai, don can ne siyasar ta yi yawa.

Il Teatrino kuwa sai an yi masa uzuri. Zanen ya sauka: fuskokin sun koma masu zagaye da haske, motsi ya ragu, a wasu wuraren faɗa hoto ne tsayayye ake girgizawa. An canza masu muryoyin Japananci, don haka wanda ya saba da muryar Henrietta zai ji baƙuwa. Amma labarin ya fi na farko ɗaurewa, kuma Yu Aida da kansa ya sa hannu a rubutunsa. A nan ne aka kawo Pinocchio, saurayin da wani ɗan Padania mai suna Cristiano ya tsinta yana yaro ya koya masa kisa, aka kuma dawo da masu haɗa bam Franco da Franca, waɗanda suka fara bayyana a zango na farko. Pinocchio ba a yi masa tiyata ba, ba a ba shi magani ba, amma biyayyarsa ga wanda ya rene shi ba ta da bambanci da ta ƴan matan. Karonsa biyu da Triela su ne ƙashin bayan zangon. In ka jure kashi uku na farko idonka zai saba.

Wajen karɓowa ne aka fi samun matsala, kuma yawancinta ana iya kauce mata tun a shago. Da farko, a nan in ka ce "manga", wanda asalinsa sunan littafin zanen Japan ne, bidiyo za a ba ka, don haka in littafin kake so ka ce na karantawa. Na biyu, duka zangunan suna da lamba 1 zuwa 13, in aka zuba su wuri ɗaya wani na iya danne wani, ko su cakuɗe. Ka ce wa mai shagon: "Maigida, a raba mini su gida biyu, na 2003 daban, na 2008 daban, ƙarin biyun nan su shiga na 2008." Sai ka duba harshe. Mai alamar VF muryar Faransanci ce, mai VOSTFR muryar Japananci da fassarar Faransanci a ƙasan allo. Na biyun ya fi, domin rabin abin da ƴan matan ke nufi a sanyin muryarsu yake, amma sai mai saurin karatu.

Girman fayil yana da muhimmanci a wannan katun fiye da wasu, saboda wurare da yawa cikin duhu ne. Kashi ɗaya da aka matse ya koma mega 40 zai nuna maka dare kamar tabon ƙasa, rubutun fassara kuma ya dagule. A waya, 480p mai mega 80 zuwa 100 ya isa, duka 28 ɗin ba za su wuce giga 3 ba. In a talabijin za a kalla, a nemi 720p, kimanin mega 200 kowane, giga 6 ke nan a ƙiyasce, sai katin memori ko kile mai giga 16 don a samu sarari. A kula da katin jabu, wanda aka rubuta masa giga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Alamarsa ita ce fayilolin farko su buɗe lafiya, na ƙarshe su ƙi. Saboda haka kafin ka bar shagon ka buɗe kashi na ƙarshe da aka tura, ka ja shi zuwa tsakiya da ƙarshe. Buɗe na farko kaɗai ba ya nuna komai.

In sunan fayil na ɗauke da x265 ko HEVC ko 10bit, tsofaffin wayoyi da yawancin ƙananan talabijin masu ramin USB ba sa iya karanta shi: murya za ta fito allo baƙi, ko hoton ya riƙa tsinkewa, wayar ta yi zafi, caji ya zube. Nemi x264. Fayil mai ƙarewa da MKV sau da yawa fassararsa a ware take a ciki, ba a manne da hoto ba, shi ya sa take fitowa a kwamfutar mai shago amma ta ɓace a gida. A waya, VLC ko MX Player na warware wannan, sai a shiga wajen zaɓin fassara a kunna ta. Don talabijin, a nemi MP4 wanda aka riga aka ƙona fassarar a jikin hoto. A sa abin kunne in da hali, maganganun a hankali ake yinsu, ƙarar injin wuta ko fanka tana haɗiye su. Mai ɗan'uwa a waje da zai aiko da faifai na asali, wanda shi ne ke mayar wa masu aikin haƙƙinsu, ya tuna DVD na Amurka yanki na 1 ne, na Faransa yanki na 2, a tabbatar na'urar gida na karɓar wanda za a aiko.

Katun ɗin bai kai ƙarshen labari ba, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa ba su sani ba. Zango na farko ya ɗauki littafi na 1 da na 2 da wasu ƙarin abubuwa, na biyu ya ɗauki na 3 zuwa na 5. Kashi biyu bisa uku na labarin yana littafi na 6 zuwa na 15, kuma can ne ya kai ƙarfinsa. Zanen Aida yana gyaruwa a bayyane daga littafi zuwa littafi. Ana biyan kowane bashi da aka ci a farko: ƙarshen Angelica, asalin Triela da abin da Hilshire ya ɓoye mata, ramuwar gayyar Jean da Jose a kan Giacomo Dante wanda ya dasa bam ɗin, faɗan hasumiyar San Marco a Benis, da na tashar nukiliya kusa da Turin. Marubucin bai ji tsoron kai yaran inda maganin ya yi alkawarin kai su ba. Littafin ya samu lambar yabo a bikin fasahar watsa labarai na Japan na 2012, kuma ya cancanta.

Inda muke da ja da shi shi ne Petrushka, wadda ta shigo a littafi na 6. Ɗaliba ce ƴar Rasha mai koyon rawar bale, ciwon daji ya ci ƙafarta, aka mai da ita samfuri na biyu, wanda ya fi na farko shekaru kuma aka sassauta masa magani. Labarinta na da kyau, amma alaƙarta da mai riƙonta Sandro ta karkata zuwa soyayya, kuma marubucin ya yi wa abin sassaucin da bai yi wa Jose ba. Yarinyar da aka wanke wa ƙwaƙwalwa don ta bi mutum ba ta da bakin cewa ta zaɓe shi, littafin da kansa ya koya mana haka a baya, sai ga shi ya kau da kai. Ban da wannan, akwai giya a kan tebur, da gumakan tarihi marasa sutura a Falorans, da jini ba kaɗan ba. Ba abin kunnawa a tsakar gida ba ne.

Ga mai Faransanci, littattafan 15 sun fito cikakku, da farko a hannun Asuka, daga baya Kazé. Na Turanci yana da tarko: bugun ADV ya tsaya a littafi na 6, Seven Seas ne ya kammala, kuma a haɗe ya buga su. Kundi na farko ya ƙunshi 1 zuwa 3, na biyu 4 zuwa 6, daga nan bibbiyu, na 15 shi kaɗai. Wanda ya gama katun yana son ci gaba, sai ya fara daga sulusin ƙarshe na kundi na biyu, kada ya tsallaka zuwa wanda aka rubuta wa lamba 6, don wannan littafi na 13 da na 14 ne, zai faɗa tsakiyar yaƙin ƙarshe. Daga dama zuwa hagu ake karantawa, shafi da akwatunan zane da kumfar magana duka, abin da ba zai wahalar da wanda ya yi makarantar allo ba. In fayilolin CBZ ne, a sa manhajar karanta littafin zane a juya ta zuwa dama-zuwa-hagu, in ba haka ba shafukan da zanensu ya haɗe biyu za su fito a juye. Allon waya ƙarami ne ga shafukan da maganar siyasa ta cika, musamman daga littafi na 10 zuwa sama. Kwamfutar hannu mai inci 8 ko fiye ta fi, ko a kwantar da wayar a karanta rabin shafi rabin shafi.